Wa ya tono kabarin Salahuddin?

Kwanakin baya muna majalisa bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, kalli wannan ka gani." Bidiyo ne na minti biyu. Mahaya dawakai sanye da fararen riguna masu jan gicciye a ƙirji, sai ga ɓaraguzan gidajen Gaza, sai ga wata mata tana rungume da gawar ɗanta, wata murya mai kauri tana maimaita cewa yaƙin Salibiyya bai ƙare ba, sunansa kawai aka sauya. Na mayar masa da wayar, na tambaye shi shekarar da aka fara yaƙin da shekarar da aka gama. Ya yi dariya ya ce ai ni na san ba shi da haddar lambobi. Ban ga laifinsa ba, don ni ma a shekarunsa haka nake. Amma hirar ta tuna mini da watan Oktoban 2001 a Kano.

Ranar 16 ga Satumba na shekarar, kwana biyar bayan harin da aka kai wa Amurka, Shugaba George Bush ya tsaya gaban 'yan jarida ya kira yaƙin da zai ƙaddamar da sunan da Turawa ke kiran yaƙin Salibiyya. Mutanensa sun yi ta ƙoƙarin gyara maganar, amma magana zarar bunu ce. Ranar 7 ga Oktoba aka fara ruwan bama-bamai a Afganistan, Juma'ar da ta biyo baya aka fito zanga-zanga a Kano, kafin a ankara ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da wuraren ibada. Akwai wani mutum da nake sayen kayan gyaran babur a wurinsa, Kirista, wanda in kuɗina ba su cika ba yakan ce in tafi da kaya sai na samu. Da ƙura ta lafa na koma, na tarar da shagon babu rufi, ƙarafa sun narke sun haɗe da juna. Mutumin bai taɓa zuwa Amurka ba, ko taswirar Afganistan ba na jin ya taɓa gani. Tun ranar nake ƙyamar yadda muke ɗaukar wannan kalma mu jefa ta duk inda hannu ya kai.

Ra'ayina shi ne, yaƙin kansa an yi shi an gama, ya bar tabo na gaske, amma labarin da ke yawo a wayoyinmu yau sabon girki ne. An dafa shi ne a cikin shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma masu girkin, Turawa da Larabawa, kowa da abin da yake so ya sayar.

Bari mu fara da abin da ya faru. A watan Nuwamban 1095 Fafaroma Urban na biyu ya yi huɗuba a garin Kilamon na Faransa, ya kira jarumai su tafi gabas, ya yi musu alkawarin yafe zunubi. Sarkin Rumawa na Ƙusɗanɗiniyya ne ya nemi agaji, don Turkawa Saljuƙawa sun cinye masa ƙasa tun bayan da suka karya rundunar Rum a Manzikat a 1071. Shi sojojin haya yake nema, sai aka aiko masa da ambaliya. Ranar 15 ga Yulin 1099 suka fasa ganuwar Ƙudus, suka yi kisan da su kansu marubutansu suka yi ta alfahari da shi. An kashe Musulmin da suka fake a harabar Masallacin Al-Aƙsa, Yahudawan birnin ma aka kashe wasu, aka kama wasu bayi. Malamin tarihi Ibnul Asir ya kawo adadin dubu saba'in, masana na ganin birnin bai ma kai wannan yawan mutane ba a lokacin, amma ko kashi goma ne na hakan, ta'asa ce. Wannan babu mai goge shi, ba ni kuma da niyyar yi masa kwalliya.

Abin da bidiyon ɗan yayata bai nuna ba shi ne abin da ya biyo baya. Alƙalin Dimashƙa, Al-Harawi, ya tafi Bagadaza cikin watan azumi da 'yan gudun hijira, ya yi kuka a gaban manyan halifa, aka taya shi kuka, ba a aika da runduna ba. Sarakunan Sham kowa yana tsoron ɗan'uwansa fiye da baƙin. Ƙudus ɗin ma daga hannun Faɗimiyawan Masar aka karɓe ta, waɗanda su ma shekara ɗaya kacal kafin nan suka ƙwace ta daga Turkawa. Sai bayan shekara arba'in da biyar Imaduddin Zanki ya karɓe garin Ruha daga hannun baƙin a 1144, ɗansa Nuruddin ya ɗora, sannan Salahuddin, Bakurde haifaffen Tikirit, ya karya Faranjawa, wato mayaƙan nan na Turai, a Hiɗɗin a Yulin 1187, ya shiga Ƙudus ranar 2 ga Oktoba ba tare da kisan gilla ba, ya sa fansar dinari goma ga namiji, biyar ga mace. Shi ma, in aka lissafa shekarun mulkinsa kafin Hiɗɗin, waɗanda ya ɓatar yana yaƙi da sarakunan Musulmi na Halab da Mausil sun fi waɗanda ya yi yana yaƙar Faranjawa. Ɗan ƙaninsa kuwa, Sarki Al-Kamil na Masar, da hannunsa ya miƙa Ƙudus ga Sarki Firedarik na biyu a 1229 bisa yarjejeniyar shekara goma, ba a harba kibiya ko ɗaya ba, Musulmi suka riƙe harabar masallaci. A 1244 kusa da Gaza an yi wani gumurzu da sarakunan Dimashƙa da Himsa suka jera sahu ɗaya da masu gicciye a ƙirji, suna yaƙar rundunar Masar. Wane bidiyon minti biyu ne zai ɗauki wannan?

Ta ɗaya ɓangaren ma haka. A 1204 rundunar da ta fito da sunan ceto Ƙudus ta karkata ta faɗa wa Ƙusɗanɗiniyya, birnin Kiristoci mafi girma a duniya, ta wawashe coci-coci na kwana uku. Ciwon ya daɗe har Fafaroma John Paul na biyu sai da ya nuna nadama a kansa a Atina a 2001. A 1209 aka ƙaddamar da irin wannan yaƙi a kudancin Faransa a kan Kiristocin da aka ce sun yi bidi'a, aka karkashe mutanen garin Beziye. Namu ma ba tsarkaka ba ne: lokacin da Sarkin Masar Baibars ya ci Anɗakiya a 1268 an rufe ƙofofin gari an yi yanka, kamar yadda Sarki Richad na Ingila ya yanka fursunoni Musulmi wajen 2,700 a Akka a 1191. A 1291 Al-Ashraf Khalil ya ci Akka, zancen mulkin Faranjawa a gabar Sham ya ƙare.

To, ga abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na fara saninsa. Marubutan Musulmi na wancan zamani ba su ma kira abin "yaƙin Salibiyya" ba. Faranjawa suke cewa, wato wata ƙabila ce daga cikin masu kawo hari. Babban bala'in da ya girgiza su shi ne faɗuwar Bagadaza a hannun Hulaku, jagoran Mongol, a 1258. Sunan "Salibiyya" sai a ƙarni na 19 ya shiga Larabci, ta hanyar Larabawa Kiristoci masu fassara littattafan Faransanci, kuma littafin farko da wani Musulmi ya keɓe wa tarihin yaƙoƙin da Larabci a Alƙahira ya fito, a 1899. Wato kusan shekara ɗari shida mutane na ganin abu ne da aka yi, aka ci nasara, aka wuce. Wanda ya ci yaƙi ai ba ya zama yana jinyar ciwonsa. A tsakanin nan Sarkin Faransa ya ƙulla ƙawance da Sarkin Musulmi Sulaiman na Santambul a 1536, sannan a yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 Ingila da Faransa suka tsaya wa Turkawa suka yaƙi Rasha, 'yar'uwarsu Kirista. In da gabar addini ce ke jan akalar duniya ba tsayawa tun 1095, da ba a ga haka ba.

Turawan mulkin mallaka ne suka tono gawar. Bayan Faransa ta faɗa wa Aljeriya a 1830, Sarki Luwi Filip ya keɓe ɗakuna a fadar Basai aka cika su da zane-zanen jaruman Salibiyya, manyan gidaje suna rububin a rataye tambarin kakanninsu. Mai ƙwace ƙasar mutane yana bukatar labarin da zai sa ya yi barci da dare, sai ya ce gādo ya zo karɓa. A 1898 Sarkin Jamus Wilhem na biyu ya ziyarci kabarin Salahuddin a Dimashƙa, ya yi masa kirari, ya aiko da kambi na tagulla mai ruwan zinariya aka ajiye a kai, don yana zawarcin Musulmi a kan Ingila. Shekara ashirin bayan haka Turawan Ingila suka ɗauke kambin, yanzu yana gidan tarihin yaƙi a Landan. Ranar 11 ga Disamban 1917 Janar Alenbi ya shiga Ƙudus da ƙafa. Jaridun Ingila suka yi ta zanen Richad yana leƙo birnin yana murna, alhali gwamnatinsu ta gargaɗe su da su daina ambaton Salibiyya, don a cikin rundunar akwai Musulmin Indiya, ga kuma Larabawan Sharifin Makka da ke yaƙi a gefensu. Maganar nan da ake yawan jinginawa Alenbi a kan mumbari, wai yau yaƙin Salibiyya ya ƙare, da wadda ake jinginawa Janar Guro na Faransa a bakin kabarin Salahuddin a 1920, wai ga mu mun dawo, labarai ne da suka bazu daga baya, masana tarihi na jayayya a kansu. Amma sun yi daɗin faɗi, shi ya sa suka rayu.

Daga nan shugabannin Larabawa suka karɓi labarin suka juya shi. Gamal Abdul Nasir ya ɗora mikiyar Salahuddin a tambarin Masar. Hafiz al-Asad ya kafa mutum-mutuminsa a gaban ganuwar Dimashƙa. Saddam Husaini, da yake shi ma ɗan yankin Tikirit ne, ya sa aka riƙa zana hotonsa kafaɗa da kafaɗa da Salahuddin, shi ne kuma ya zuba wa Kurdawa, dangin Salahuddin, iska mai guba a Halabja a Maris ɗin 1988, mutum wajen dubu biyar suka mutu. Ban san wani abu da ya fi wannan nuna yadda ake aron rigar mamaci ba. A Fabrairun 1998 Usama bin Ladan ya sanar da ƙungiyar yaƙar "Yahudu da 'yan Salibiyya", shekara uku bayan haka Bush ya miƙa masa kalmar a faranti.

Masu kisa na ɓangarorin biyu littafi ɗaya suke karantawa, kowa daga nasa bangon. Wanda ya kashe mutum 77 a Nowe a Yulin 2011 ya kira kansa jarumin wata ƙungiyar Salibiyya ta da. Wanda ya kashe masallata 51 a Kiraiscoc ta ƙasar Niyu Zilan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 ya rubuta sunayen tsoffin yaƙe-yaƙe a jikin bindigoginsa. 'Yan ISIS kuwa a Fabrairun 2015 suka jera mutum 21 a bakin teku a Libiya suka yanka, suka ce mutanen gicciye ne. Leburori ne 'yan ci-rani, ashirin Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, ɗaya baƙar fata ɗan Afirka ta Yamma. Ƙibɗawan nan su ne Faranjawa suka ɗauka 'yan bidi'a, kakanninsu ba su taɓa ɗaukar takobi tare da su ba. Abin da Urban ya sayar a Kilamon, cewa jinin wani na iya wanke zunubinka, shi ne hajar da har yau ke da kasuwa, kuma mai saye ba ya tambayar addinin mai sayarwa.

Inda nake ganin yaƙin ya bar gādo na gaske, mai sarƙa da za a iya bi ƙarfe bayan ƙarfe, shi ne kan Yahudawa, kuma nan ne muke yawan tsallakewa. Kafin rundunar farko ta ga Musulmi ko ɗaya, a bazarar 1096, wasu gungu suka faɗa wa Yahudawan garuruwan bakin kogin Rayin a Jamus, Sifaya da Woms da Mainz, suna cewa me zai kai mu nesa ga maƙiya a gida. Limaman coci sun ɓoye wasu a gidajensu, amma da yawa ba su tsira ba, iyaye suka riƙa yanka 'ya'yansu da kansu don kada a tilasta musu barin addini. A 1190, ana shirin tafiya yaƙi da Salahuddin, aka yi irin haka a garin Yok na Ingila. A ƙarnin ne aka ƙago ƙazafin cewa Yahudawa na yanka yaran Kiristoci. A 1215 majalisar coci ta wajabta musu tufafin da za a bambance su. Ingila ta kore su a 1290, Sifaniya ta kore su a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, kuma wanda ya buɗe musu ƙofa shi ne Sarkin Musulmi Bayazid na biyu. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun a Masar ya ƙare rayuwarsa yana likita a fadar gidan Salahuddin. Ba na cewa zamansu a ƙasashen Musulmi aljanna ne, shi kansa Ɗan Maimun gudun tsanani ya fito da iyalinsa daga Ƙurɗuba. Amma ƙiyayyar da ta girma a Turai, ta haifi kashe-kashen Rasha na 1881, ta tunzura ɗan jarida Bayahude Hazil ya tara taron Sahyoniyawa a Basal a 1897, ta ƙare da kisan Yahudawa miliyan shida a hannun 'yan Nazi, tushenta a Turai yake. Turai ta ci bashin, aka kai wa Falasɗinawa takardar biya: alkawarin Balfo na 2 ga Nuwamban 1917, korar mutum sama da dubu ɗari bakwai daga gidajensu a 1948, mamayar 1967.

Shi ya sa idan na ji ana cewa Isra'ila daular Salibiyya ce sabuwa, za ta yi shekarunta ta tafi kamar yadda waccan ta yi shekara 88 a Ƙudus, sai in ga muna rarrashin kanmu ne. Kwatancen yana sa mutum ya naɗe hannu yana jiran Salahuddin ya faɗo daga sama. Yana kuma ɓoye cewa rikicin na ƙasa ne da gonaki da rijiyoyi da shingayen bincike da 'yancin komawa gida, abubuwan da ake iya kai ƙara a kansu, a ƙirga, a rubuta. Mafi muni, yana share Falasɗinawa Kiristoci daga hoton. Shirin Abu Aƙila, 'yar jaridar Aljazira da aka harbe a Jenin a Mayun 2022, Kirista ce. A Oktoban 2023 harin jirgin Isra'ila ya faɗa harabar cocin Fofiriyus a Gaza, ya kashe mutanen da suka fake a ciki. A wane sahu bidiyon zai tsayar da su?

Mu dawo gida, don a nan ne abin ya fi ba ni haushi. Lokacin da Akka ta faɗi a 1291, in ka cire Kanem da sarakunanta suka riga suka musulunta, kakannin yawancinmu a ƙasar Hausa ba su fara fuskantar alƙibla ba. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka zo da Musulunci fada. Kafin nan ana ta fama da Tsumburbura a gindin Dala. Kakannin Kiristocin Filato da kudancin Kaduna kuwa sai farkon ƙarni na 20 mishan suka iso musu, a 1904 aka kafa zangon farko a Wase. Babu ɗayanmu da kakansa ya je Hiɗɗin. Harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗanin, don kalmar Nasara ta haɗa Bature mai mulki da Kirista a buhu ɗaya, alhali sojojin da Lugga ya ci Kano da Sakkwato da su a 1903 baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausawa, kuma shi ne ya taƙaita wa mishan shiga masarautu don kada su ɓata masa siyasa da sarakuna.

Duk da haka faɗan can yana iso mana ta hanyoyin da ba a zata ba. Ranar 21 ga Agustan 1969 wani Kirista ɗan Ostareliya ya cinna wa Masallacin Al-Aƙsa wuta, mumbarin katakon da Nuruddin ya sa aka sassaƙa a Halab, wanda Salahuddin ya kawo ya kafa bayan 1187, ya ƙone ƙurmus. Fushin abin ne ya tara shugabanni a Rabat a watan Satumba aka kafa ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigar da Najeriya cikinta a asirce, ƙasa ta ɗauki zafi, shekara ɗaya bayan haka Kafancan ta kama da wuta, ta bazu zuwa Kaduna da Zariya. Tun daga lokacin kowane ɓangare ya samu kalmarsa. Wani abokin aikina Kirista, duk rikicin makiyaya da manoma da aka yi a garinsu, jihadin 1804 yake gani ya dawo. Ɗan yayata, duk abin da ya faru, Salibiyya yake gani. Su biyun ba su taɓa haɗuwa ba, amma in ka saurare su kamar malami ɗaya ya karantar da su. A tsakaninsu babu mai tambayar wa ya sayar da burtali, wa ya raba filin kiwo, me ya sa ba a taɓa hukunta wanda ya yi kisa ba.

A daren na ba ɗan yayata wani labari da ban tabbata ya burge shi ba. A Ƙudus, cocin da Kiristoci suka fi girmamawa a duniya, wanda don shi aka yi duk wancan tattaki daga Faransa, mabuɗinsa yana hannun Musulmi. Gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa, abin da suka gāda kaka da kakanni, don ɗariƙun Kiristocin da ke ciki ba su yarda ɗayansu ya riƙe ba. Da asuba sai wani daga ciki ya buɗe 'yar taga a jikin ƙyauren ya zuro tsani, mai buɗewa ya jingina, ya hau, ya zura dogon mabuɗin ƙarfe a kwaɗon sama, ya sauko ya tura ƙofa. Da dare a sake haka a rufe.

Ya saurara har na gama, ya ce, "To Kawu, ai wannan ba zai yi yawo a TikTok ba." Ya mayar da abin sauraronsa kunne. Mai shayi ya fara kife kofuna.